Kai wa kyamara wuta daga nesa: dogon waya, batir, PoE ko fayiba, wanne ya dace da aikinka?

Wani ƙanina a sana'a mai ɗan sutudiyo a wajen Yelwa ya ishe ni da kira satin nan. An ba shi aikin haska tafsirin azumi kai tsaye a Facebook, kyamara uku, biyu kusa da malam, ɗaya kuma can bayan masallaci wajen mita 50 daga inda za su kafa teburin mikisa, na'urar da ke haɗa hotunan kyamarorin, kuma ya rasa yadda zai kai mata wuta. Wani ya ce masa ya yanke wayar adafta ya jona mata tsawo kawai, wani ya ce batir zai saya, wani kuma da ya kwana a YouTube ya ce ai yanzu PoE ake yayi, wato kai wuta ta cikin wayar intanet. Na san ba shi kaɗai ke cikin wannan ruɗun ba a garin Bauchi, masu ɗaukar walima da taron siyasa da musabaƙa duk suna cin karo da shi, shi ya sa na ce bari in baje komai a nan kowa ya ɗauki nasa.

Kafin mu shiga zaɓi, ga abubuwan da nake aunawa da su. Na farko nisa, kuma ba nisan ido ba, nisan da waya za ta bi ta jikin bango ta zagaya ƙofa ta hau ginshiƙi, wanda sau da yawa sai ka ga mita 30 ta zama 45. Na biyu wat nawa kyamarar ke ci tare da duk abin da ka rataya mata, ƙaramin allo, kanbata mai juya siginar hoto, fitilar jan ido mai nuna kyamarar da ake haskawa. Sai kuɗi, sai me zai faru in an ɗauke wuta ana tsakiyar karatu kafin yaro ya je ya tada jen, sai hatsari ga mutane da kayan aiki, sai wahalar shimfiɗawa da naɗewa kullum, sannan in abu ya lalace ana iya gyara shi a Wunti ko sai an aika Kano ko Legas. Farashi kuwa zan faɗa ne da kwatance, wannan ya fi wancan, don kayan nan duk da dala suke tafiya, abin da ka ji yau ba shi za ka ji jibi ba.

Lissafin da ya raba gardama

Kowa ya san gidan da ke ƙarshen layin taransifoma, wutarsu ja kamar kyandir alhali na kusa fanka na gudu. Abin da ke samun kyamara ke nan. Waya tana cin wani abu daga cikin ƙarfin wutar da ke bi ta cikinta, iya tsawonta da sirantarta iya abin da za ta ci, kuma iya yawan amfiya da kake ja iya asarar. Shi ya sa layin da ke kai wuta daga Jos zuwa Gombe yake ɗauke da bolt 330,000, ana ɗaga bolt ne don amfiya ta yi ƙasa asara ta ragu.

Mu ɗauki kyamara mai cin wat 24 a kan bolt 12, wato amfiya 2. Wuta zuwa take ta dawo, don haka waya mita 30 a lissafi mita 60 ce, nan ne mutane da yawa ke mantawa. In wayar siririya ce mai kaurin 0.5mm² irin ta sifika, za ka yi asarar wajen bolt 4.2, abin da zai isa kyamara bai kai 8 ba. In 1.5 ce asarar bolt 1.4. In 2.5 ce bai kai bolt 1 ba, wajen 0.8. Wannan fa in jan ƙarfe ne na gaske kuma kaurin da aka rubuta a jiki shi ne a ciki. Abin da ya ƙara dagula lamarin, kyamarorin yanzu in bolt ya yi ƙasa sai su ƙara jan amfiya don su cike gurbi, amfiya na ƙaruwa asara na ƙaruwa, sai ka ga ta mutu ta tashi ta mutu ta tashi.

1. Jona dogon waya a kan bolt 12

Wannan shi ne abin da kowa ke fara tunani don ya fi araha, waya ce kawai da kai guda biyu. Ni ma na yi shi. Shekarun baya a wani taro na jona wajen mita 35 da wayar da mai shago ya rantse min 1.5 ce, da rana na gwada komai lafiya, sai da aka fara na danna rikodin na kunna ƙaramin allon da ke kai sannan kyamara ta fara ɗaukewa, na kawo mita na auna a bakin kyamarar na ga tara da ɗoriya. Da na kankare wayar da wuƙa sai ga ta fara fat a ciki, alminiyam ne aka shafa wa jan ƙarfe. Ran nan na gane araha ba ta ado. Kuma ka lura, in ka auna ƙarshen waya ba tare da kyamara na aiki ba za ka ga 12 cif ka ɗauka komai daidai ne, asarar ba ta fitowa sai ana jan wuta.

Amma ba wai hanyar ba ta da amfani ba ne. Ƙasa da mita 15 da waya 1.5 ta gaske babu matsala, har mita 25 ko 30 da 2.5 za ka sha. Babu hatsarin jan wuta ga mutum, ko yaro ya taka ko an zuba ruwan alwala bolt 12 ba ya kisa, wannan babban abu ne a masallaci ko Islamiyya. Akwai kuma wata dabara, manyan kyamarorin da ke karɓar wuta ta filogin XLR mai ƙafa huɗu da yawansu suna karɓar daga bolt 11 har 17, to sai ka tura 15 daga tushe, ko an ci ɗaya da rabi a hanya kana cikin iyaka. Sai dai ka karanta abin da aka rubuta a jikin taka kafin ka gwada, ƙananan masu ramin caja zagayayye wasu 12 ɗin kawai suke so. A kan XLR ɗin nan ƙafa ta 1 ita ce nagetif ta 4 fozitif, in mai solda ya juya maka su to sai dai haƙuri. Matsalar dai guda ce, da nisa ya wuce mita 30 sai kaurin waya ya zama dole, kuɗinta ya tashi, nauyinta ya zama kaya, arahar da ka bi ta gudu.

2. Kai wutar 230 har gindin kyamara, adafta a can

Wannan ita ce hanyar da nake bi a yawancin ayyukana, kuma gaskiya ita nake ba mutane shawara in ba su da wani dalili na daban. Ka ja ekstenshan daga teburinka zuwa gindin ƙafar kyamara, ka saka adaftarta ta asali a can. Kyamarar nan mai wat 24 a kan bolt 230 abin da take ja bai wuce kashi ɗaya cikin goma na amfiya da 'yan kai ba, ko mita 100 ka ja da waya 1.5 asarar ba ta kai bolt ɗaya ba, ba abin da za ta ji. Ga shi yawancin adaftocin nan an rubuta musu 100 zuwa 240, ko wuta ta zo ba ƙarfi suna aiki. Kayan kuma duk akwai su a gari, waya da soket da filogi ko a Wunti ko Muda Lawal za ka haɗa, kowane mai wayarin zai gyara maka.

Inda ake samun matsala biyu ne zuwa uku. Na farko hatsari, wannan wuta ce mai kisa kuma ka shimfiɗa ta inda jama'a ke zama a ƙasa, yara na rarrafe, ga damina. Kar ka yarda da waya mai jone-jone da aka naɗe da salatif, ka sayi mai ƙafa uku da at ɗinta, wato silin da ke kai wuta ƙasa in ta zurare, ka saka mata na'urar nan mai katse wuta da zarar ta fara zurarewa, RCD mai 30mA, ka bi da ita ta jikin bango ko sama ba ta tsakiyar sahu ba. Na biyu jama'a. Wallahi duk inda ɗan Adam ya ga soket a fili sai ya cusa cajar wayarsa, wannan ma da sauƙi, wata rana sai ka tarar an jona fanka ko hita ta shayi. Ni soket mai rami ɗaya nake kaiwa, ko in rufe sauran da tef. In kuma wayar a kan abin naɗi take ka warware ta in za ka ɗora mata fitilu, a naɗe zafi take yi.

Na uku shi ne wanda ya fi cin mutane, wato ka ga soket a bango kusa da kyamara ka ce ai ga wuta nan me zai sa in ja waya. To wannan soket ɗin na wutar layi ne ko jen ɗin masallaci, teburinka kuma yana kan inbata. Da an ɗauke wuta kyamarar can ta mutu sauran na aiki. Ko ba a ɗauke ba ma, tushen wuta biyu da at daban daban kuma ga wayar SDI mai ɗauko hoto ta haɗa su, sai ka ji wani gurnani huuu a sauti ko hoto ya riƙa tsinkewa kana ta zargin mikisa. Duk kyamarorinka da mikisa da kwamfuta su sha daga rijiya ɗaya, inbata guda, ita kuma inbatar a ba ta wutar layi ko jen ko sola.

3. Tura bolt 48, a sauke shi a can

Wannan tsaka-tsaki ne, kuma ban ga mutane da yawa na yi ba duk da yana da kyau. Ka sa adafta mai fitar da bolt 48 a teburi, ka ja waya, a gindin kyamara ka sa ɗan ƙaramin kanbata mai sauke 48 zuwa 12. Wat 24 ɗin nan yanzu rabin amfiya ce kawai, mita 50 da waya 1.5 asarar wajen bolt 0.6, kuma kanbatan ba ruwansa, 12 zai ba ka cif. Hatsarinsa ga mutum kaɗan ne in aka kwatanta da 230, ba wanda zai jona hita a kai, in ma inbatarka mai batir 48 ce kana da tushen a hannu, fis kawai za ka sa a bakin batir kuma wannan dole ne. Aibinsa sai kana da hannu a solda ko kana da mai yi maka, kuma kanbata mai arha in ya ƙone ta ciki yana iya sakin 48 ɗin gaba ɗaya kan kyamara. Kar ka tsaya ciniki a nan, ka sayi wanda ya ninka wat ɗin da kake buƙata, ka sa shi inda iska ke shiga don zafin watan Maris da Afrilu na Bauchi ba wasa ba ne. Ka kuma yi wa kan wayar alama ko ka sa kai na daban, kar yaronka ya cusa ta kai tsaye a kyamara.

4. Batir

Babu waya babu lissafin asara, babu ruwanka da an ɗauke ko an kawo. Batirin V-mount, irin wanda ake maƙalawa a bayan manyan kyamarori, wanda aka fi gani bolt 14 da ɗoriya ne mai 98Wh, ka raba da wat ɗin kyamara ka ga awa nawa, mai wat 24 a takarda awa 4, a zahiri ka sa uku da rabi in sabo ne. NP-F970 na Sony na asali wajen 47Wh ne, na kasuwa kuwa abin da aka rubuta daban abin da ke ciki daban. Tafsiri na awa biyu batir ɗaya ya ishe ka, amma ɗaurin aure da walima daga hantsi har dare sai uku ko huɗu ga kowace kyamara, a nan kuɗi ke tashi, kuma batir kaya ne mai tsufa, bayan shekara biyu uku za ka ga ya fara gajiya, in kana barinsa a but ɗin mota cikin rana ma ba zai kai haka ba. Ga aikin caji kullum, kwana talatin ɗin azumi in ka manta dare ɗaya ka shiga uku. Kuma kyamarar da aka kafe a sama ba mai tsaye a kanta wa zai hau ya canza?

Inda batir ya fi daɗi shi ne a haɗa shi da waya. Yawancin kyamarori masu gurbin batir da ramin wuta in wutar waje ta yanke suna komawa batir ba tare da sun mutu ba, ka gwada taka a gida ka zare filogi ka gani.

5. PoE, wuta ta cikin wayar intanet

Waya ɗaya Cat6 ta ɗauki hoto da wuta da sarrafa kyamara, wannan shi ne daɗinsa, kuma dabarar irin ta lamba 3 ce, wajen bolt 44 zuwa 57 yake turawa. Amma ba kowace kyamara ba, sai wadda aka yi ta don haka, galibi PTZ ɗin nan masu juyawa da kansu masu NDI, wato tsarin tura hoto ta wayar intanet, sai irin Studio Camera 4K Pro ta Blackmagic da ke karɓar komai ta waya ɗaya in ka haɗa ta da Studio Converter ɗinsu a kan Cat6A. Kala uku ne ka riƙe: PoE na farko wat 15.4 daga tushe wanda wajen 13 ke isa, PoE+ wat 30 wanda 25.5 ke isa, sai PoE++ mai 60 ko 90. Ka duba wanda kyamararka ke so. Ka kuma duba jimillar wat ɗin suwic ɗin, wato akwatin da ake cusa wayoyin intanet ɗin a jikinsa, yana iya zama rami takwas amma ƙarfinsa bai kai ya cika takwas ɗin a lokaci ɗaya ba. Iyakarsa mita 100, ba a roƙo.

Abu biyu ke kashe PoE a wajenmu. Wayar CCA, wato alminiyam mai rigar jan ƙarfe, ta cika kasuwa kwalinta na sheƙi, ga intanet na ofis tana lallaɓawa amma ga wuta zafi take yi tana karyewa. Kankare silin ɗaya ka gani, ko ka kanga masa ashana, na gaske zai yi ja ya tsaya, na bogi zai lanƙwashe ya zube. Sai injekta, wato ɗan akwatin da ke saka wuta cikin wayar intanet, mai arha da ke tura wuta ba tare da ya tambayi na'urar ba, na gaske sai sun gaisa da kyamara kafin ya saki wuta. Kan wayar intanet, wato RJ45, kuma ba ya son cire-saka kullum, ɗan maƙallin nan na roba karyewa yake. A sutudiyo ko zauren da za a kafe a bar shi, ba kamarsa.

6. Fayiba mai wuta a ciki, da tsohuwar tirayaks

Wannan na gidajen talabijin ne da motocin haska wasa. Wayar SMPTE tana da silin fayiba biyu da wayoyin jan ƙarfe a riga ɗaya, ana tura wuta mai bolt da yawa daga na'urar tushe, hoto da magana da mai kyamara da komai a ciki, na Blackmagic sun ce har kilomita 2. Tirayaks ita ce yayarta ta da, ita babu fayiba a cikinta. Kuɗin kai biyu da wayar kaɗai zai saya maka wata kyamarar, ƙurar hunturu in ta shiga bakin fayibar hoto ya tafi, in ta karye kuma ba aikin mai solda na bakin kasuwa ba ne. In ba filin wasa na Abubakar Tafawa Balewa ko hawan sallah aka ba ka da kwangila mai kauri ba, wuce kawai.

| Hanya | Nisan da ya dace | Kuɗi | Ƙarko | Sauƙi | Hatsari |
|---|---|---|---|---|---|
| Bolt 12 kai tsaye | mita 15, da 2.5 har 30 | mafi araha | mai kyau in jan ƙarfe ne | sauƙi sosai | kyamara na ɗaukewa |
| 230 da adafta a can | har mita 100 da fi | araha | mai kyau | sauƙi | jan wuta, masu jona kaya |
| Bolt 48 da kanbata | mita 30 zuwa 100 | matsakaici | ya danganta da kanbata | sai mai hannu | kanbata ya ƙone |
| Batir | ba iyaka | tsada, kuma ana sakewa | shekara biyu zuwa uku | sai caji kullum | ya ƙare ana tsaka |
| PoE | mita 100 cif | matsakaici zuwa tsada | mai kyau in a kafe | mafi tsafta | wayar bogi |
| Fayiba SMPTE | ɗaruruwan mita har kilomita | tsada ƙwarai | mai kyau in ana kula | sai gwani | ƙura, karyewa |

Wani abu da jadawalin nan bai nuna ba, wuta rabin aiki ce, hoton ma sai ya dawo. HDMI ba ta son wuce mita 10 zuwa 15, SDI a kan waya mai kyau tana kai wajen mita 100 da hoton 1080. In ka sa kanbatan HDMI zuwa SDI a gindin kyamara shi ma ci yake, ka sa shi a lissafin wat.

To wa ya dace da me

Mai ɗan sutudiyo ɗaki ɗaya, hira ko karanta labarai, kyamara ba ta wuce mita 10 zuwa 15 ba, ja bolt 12 da waya 1.5 ta gaske ko ka sa soket a bango kusa da kowace ƙafa daga inbata ɗaya, kar ka wahalar da kanka. Mai bin taruka, yau zaure gobe kanofi, kyamarorinsa kuma kala kala, 230 da RCD shi ne abokin tafiya, da batir a jikin kowace kyamara saboda tsaro. Masallaci ko coci ko makaranta da ke son a kafe kyamara a bar ta shekara da shekaru kuma ba su riga sun saya ba, su sayi PTZ masu PoE+ su sa suwic ɗin a kan inbata, mutum ɗaya ya sarrafa uku daga zaune. Mai ɗaukar hawan daushe ko gangamin da kyamara ke yawo, batir ne kawai. In nisa ya wuce mita 100 kuma babu kuɗin SMPTE, ka ja fayiba zalla ta ɗauko hoto, wuta kuma ka ajiye batir babba a can, hakan ma ya raba ka da gurnanin at da tsoron tsawa ta biyo waya da damina.

Shi kuwa ƙanin nawa na Yelwa, kyamararsa ba ta san PoE ba, mita 50 ta fi ƙarfin bolt 12, ga yara da ke cika bayan masallacin lokacin tafsiri. Na ce masa in zai samu hanyar bi da waya ta saman bango ya ja 230 daga inbatarsa, in kuma dole sai ta bi ƙasa ta gefen tabarmi to ya zo da wayarsa 1.5 ranar Asabar mu haɗa masa 48, ya taho da kyamarar da allon da duk abin da zai rataya mata mu kunna su tare mu auna a ƙarshen waya.